Kaka a Ƙasar Damari: Turke, Mazari da Tukunyar Jego

Kaka ita ce mahaifiyar uba ko mahaifiyar uwa, amma a gidan Bahaushe kalmar ta fi haka faɗi. Yayar kaka da ƙanwarta kakanni ne, kishiyarta ma kaka ce, haka nan tsohuwar maƙwabta da ta yanke wa rabin yaran unguwa cibiya. Ba kasafai ake kiranta da sunan yanka ba. A wani gida a ce Inna, a wani a ce Iya ko Goggo, in ta sauke farali a ce Hajiya, har a wayi gari jikokin da suka tashi a ɗakinta ba su san ainihin sunanta ba sai ranar da liman ya ambace shi wajen addu'a. A ƙasar Damari da ke ƙaramar hukumar Sabuwa, da maƙwabtanta na Faskari da Ƙanƙara a kudancin jihar Katsina, idan aka zauna tuna irin wannan tsohuwa bayan ta kwanta dama, hirar takan koma kan dabbobin da ta kiwata, da abin da hannunta ya iya, da mutanen da suka warke ko suka girma a ɗakinta.

Yanayin ƙasar yana da hannu a wannan. Yankin na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a jihar Katsina. Sabuwa na iyaka da jihar Kaduna ta wajen Birnin Gwari da Giwa, Faskari kuma na iyaka da Zamfara, ga dazuzzuka irin su Kogo a tsakani. Ana noma masara, dawa, shinkafa, gyaɗa, wake, waken suya da auduga, kuma a cikin gonakin ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka na tsaye, manomi ba ya sare su sai da dalili. Funtuwa ce babbar cibiyar kudancin jihar tun daga ƙarshen shekarun 1920, lokacin da titin jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta cikinta, aka kuma kafa wurin gurzar auduga. Ɗandume ta yi suna da kasuwar hatsi, Sheme ta ƙasar Faskari da kasuwar dabbobi. Duk abin da tsohuwa take sarrafawa a tsakar gida, daga harawa zuwa kalwa, wannan ƙasa ce ta ba ta shi.

Shekaru ma suna ba ta abin da ƙuruciya ta hana ta. Matar aure mai jini a jika tana cikin gida, in ma ba kulle ake mata ba to fitarta da ƙa'ida. Wadda ta aurar da 'ya'ya kuwa ta wuce nan: tana zuwa kasuwa, tana shiga kowane gida ba tare da an ɗaga gira ba, tana taka sayyada zuwa ƙauyen da ke gaba don barka ko ta'aziyya, kuma tana iya faɗa wa maigida gaskiyar da matansa ba za su iya ba. Wannan 'yanci daɗaɗɗe ne. Da shi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi aiki lokacin da ta naɗa dattijan mata a matsayin jajoji, suna jagorantar 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauko karatu su kai wa matan da ba sa fita.

Labarin irin wannan tsohuwa mafi cika da aka taɓa ɗauka daga bakinta a Giwa aka rubuta shi, wato a ƙofar Sabuwa. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith ta riƙa zama da wata dattijuwa da ake kira Baba tana rubuta tarihin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi, ta aurar da su, ta tsaya a kan haihuwar mata da yawa, ta zama uwa da kaka ga mutanen da ba daga cikinta suka fito ba. Ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. Dubban takwarorinta a Damari da kewaye ba su sami mai rubuta nasu ba.

Turke da akurki

Shanu a wannan yanki na Fulani ne da manoma maza masu garma. Awaki da tumaki da kaji da agwagi kuwa mafi yawansu na mata ne. Wata mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina, ta bayyana haka a littafinta na 1972 kan rayuwar karkarar Hausa, kuma duk wanda ya leƙa bayan ɗakin tsohuwa a kudancin jihar zai ga maganar ba ta canza ba. Dukiyar mace a Musulunci tata ce, miji ba ya sayar da akuyarta sai da yardarta, shi ya sa turke ya zama wurin da mace take ajiye guminta.

Akuyar da aka fi gani ita ce ja, wadda littattafai ke kira jar akuyar Sakkwato, a Nijar kuma ake ce mata akuyar Maraɗi. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetarawa da ita hamada har ta isa kasuwannin Turai, inda aka laƙaba mata sunan fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Akuyar tana ɗaukar ciki wata 5, tana yawan haifar tagwaye, kuma idan ta sami kulawa tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2. Wannan ne lissafin da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba take riƙe da shi a ka: 'yar akuya guda da aka saya bana, in Allah ya tsare, ta zama ƙaramin garke kafin jikar da ake yaye yau ta isa talla. A tumaki kuwa 'yankasa ce ta gida, sai uda mai rabi baƙi ko ja rabi fari, da balami mai girman jiki, waɗanda ake saye don kiwon layya. Takan sayi ɗan rago watanni kafin Babbar Salla, ta turke shi, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa har ya cika ido.

Aikin yana bin shekara. Da damina ba a sakin dabba, don akuyar da ta faɗa gonar wani tana jawo biyan ɓarna da zaman sulhu a ƙofar mai unguwa, saboda haka kullum sai an yanko ciyawa, kuma jikoki ne 'yan aiken. Da kaka, wato lokacin girbi, wanda a rubuce yake kama da sunan tsohuwar ko da yake a baki sun bambanta, ake tara harawar wake da ta gyaɗa a ɗora kan rumfa, a cika buhuna da kowar wake. Da rani a sake su su yi kiwo a sauruka, su dawo da yamma su tarar da ƙasari da dusa da ɗan gutsuren kanwa. Babu abin da ke zubewa a gidan da ke da irin wannan tsohuwa. Ruwan da aka wanke surfe da shi na awaki ne, tsakin da ya rage a faifai na kaji ne, kashin dabbobin kuma taki ne da ake kwashewa zuwa gona kafin ruwa ya sauka.

Kaza tana kwanci kwana 21. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci da reno a cikin gida, don haka ake sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai kusan kwana 28, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yawo da 'ya'yan da ba nata ba. Tsohuwa ce ke sanin kazar da za a amince wa wannan aiki, ita ke aika yara su ɗebo gara a ba 'yan tsaki, ita ke fitowa da ihu idan inuwar shirwa ta gilma a tsakar gida, ita ke duba akurki da magariba ta ƙirga su kafin ta toshe ƙofa.

Ana iya cewa duk wannan neman kuɗi ne kawai, amma wanda ya ga yadda take yi ba zai ce haka ba. Tana raɗa wa awakinta suna daga launinsu ko halinsu, tana musu faɗa kamar masu ji, tana gane kukan tata a cikin na maƙwabta. Ɗan akuyar da uwarsa ta ƙi shi a ɗakinta yake kwana, kusa da murhu, ana danne uwar ana ba shi nono har ya yi ƙwari. Yaron da ya jefi mage ko ya ɗaure wa ƙadangare igiya a ƙugu zai ji daga bakinta hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Sai dai wannan ƙauna ba irin ta Turawan da ke ajiye kare ko kyanwa don ɗebe kewa ba ce. Bahaushe ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Idan baƙo ya sauka kazar za ta shiga tukunya, idan jika ya kwanta asibiti ko aka tashi haɗa kayan ɗakin jikanya akuyar za ta tafi kasuwa, ko da tsohuwar za ta shige ɗaki don kada ta ga fitarta.

Akwai kuma ba da kiwo. Mai awaki da yawa takan ba wata da ba ta da ko ɗaya uwar akuya ta riƙe, abin da ta haifa a raba bisa yadda suka shirya, uwar tana nan ta mai ita. Zawarawa da amaren da suka zo gidan miji hannu rabbana da yawa ta nan suka fara, ba takarda ba shaida, sai amana.

Babbar abokiyar gabar turke cuta ce. Da hunturu annoba kan bi gari ta share kaji cikin 'yan kwanaki, awaki da tumaki kuma suna da tasu mai zuwa da majina da tari da zawo. Tsofaffi suna jiƙa ɓawon maɗaci ko su zuba barkono a ruwan sha, amma waɗannan cututtuka ba sa jin jiƙo, rigakafi ne maganinsu. Ana yin allurar a nan gida, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, ga kuma cibiyar binciken kiwo ta Shika a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Matsalar ita ce kwalba guda ta dabbobi masu yawa ce, tana kuma buƙatar sanyi, sannan malamin dabbobi in ya zo gari da maza yake magana a ƙofar gida, masu dabbobin kuwa suna ciki.

Abin da hannu ya iya

A ƙasar auduga sana'ar tsohuwa ta farko kaɗi ce. Ana gurje audugar a kan dutse da ɗan sandan ƙarfe a fitar da angurya, a shiɓe ta da ɗan baka har ta yi laushi, sannan a ɗauki mazari mai gululun yumɓu a gindi, a dangwali alli don yatsu su kama, a murza. Kayan duka a taskira suke zama. Masaƙa ne ke sayen zaren da abawar, kuɗin ya shiga adashi ko ya zama akuya. Wasu matan ma suna da tasu masaƙar ta tsaye a cikin ɗaki, mai fitar da faffaɗan ƙyalle, inda ake saƙa gwado da majanyin goyo. Zaren masana'anta ne ya fara kashe kasuwar, musamman bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957, daga baya gwanjo da yadin ƙasashen waje suka durƙusar da masaƙun Kadunan su ma. Yau mazari ya zama abin da ake tsinta a ƙasan adudun marigayiya, jikoki su yi ta juya shi suna tambayar amfaninsa.

Saƙar faifai ta fi shi tsawon rai, don har gobe ana bakace, ana rufe ƙwaryar fura. Da kaba da ciyawa ake yi, a rina wasu silla ja da baƙi da kore a fitar da zane, kuma kowace mace da irin nata, ta yadda mace kan ga faifai a gidan biki ta faɗi wadda ta saƙa shi. Mafici da tabarma da lefe duk 'yan gida ɗaya ne da shi. Yanzu har da zaren buhu da ledar alawa ake nannaɗewa a saƙa, abin da ke nuna sana'ar ba ta mutu ba, kayan aikinta ne suka sauya. Kakannin da suka tashi daga baya kuma sun ƙara da ɗinkin hula da saƙar kwarashi, suna yi wa jarirai hula da safa na ulu saboda sanyin hunturu.

Sana'ar da ta fi cin ƙarfi ita ce ta daddawa da man kaɗe. Kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, sai an wuni ana dafa ta, a surfa a wanke a cire ɓawo, a sake dafawa, a rufe ta kwana 2 ko 3 har ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa a dunƙula a shanya. Sanin lokacin buɗe ta shi ne gwanintar, kuma hanci ne ma'auninsa. Kaɗanya kuwa da farkon damina ake tsinto 'ya'yanta da sassafe, a dafa ƙwarar a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, a yi ta bugu da ruwa har man ya taso. Da shi ake miya a da, da shi ake shafe jariri, da shi da ruwan toka ake dafa sabulun gargajiya. Man da tsohuwar ƙauye ke sayarwa a ɗan kasko shi ne kamfanonin Turai da Amurka ke sawa a man shafawa da cakulan, ko da yake ɗan abin da ke isa hannunta bai taka kara ya karya ba.

Duk waɗannan kaya, har da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daga cikin gida ake sayar da su, yara ne ke kai su ƙofa ƙofa. Polly Hill ta kira wannan ɓoyayyen ciniki, don mai ƙirga 'yan kasuwa a rumfuna ba zai gan shi ba. Yana da nasa aibin da bai kamata a rufe ba: farantin talla ya raba 'yan mata masu yawa da aji, kuma sau da yawa kakar ce ke cewa boko ba zai saya wa yarinya gado da katifa ba.

Tukunyar jego

Aikin da ya fi ɗaga darajar kaka shi ne tsayuwa a kan haihuwa. A al'ada mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ko kuma a tafi da ita wankan gida bayan ta sauka, in ba haka ba a aiko wata tsohuwa daga danginsu ta zauna da ita. Ungozoma ce ke yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka har ranar suna. Mai jego kuma ta shiga kwana 40 na wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ana tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya ana fyaɗa mata, ga kunun kanwa, ga yaji, ga ƙauri. Itacen wankan tun cikin na wata bakwai ake fara tara shi.

Akwai alheri babba a wannan tsari. Yarinyar da ta haihu tana samun kwana 40 ba daka ba ɗiban ruwa, ana ciyar da ita abinci mai kyau, ba a barinta ita kaɗai da jariri mai kuka cikin dare, kuma akwai mai nuna mata yadda ake riƙe shi da ba shi nono. Matan manyan biranen duniya da yawa suna biyan kuɗi su sami rabin wannan.

Amma ba duk abin da ke cikin tukunyar ne magani ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan matan da ke zuwa da kumburi da haki makonni kaɗan bayan haihuwa, zuciyarsu ta gaza. Bincikensu ya danganta abin da yawan shan kunun kanwa, domin kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, haɗe da zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, kuma ciwon ya fi tsananta a watannin zafi. Haka nan matse dakashi a zubar, alhali shi ne rigakafin jariri na farko; da ɗura masa ruwa da jiƙo kafin ya kai wata 6; da gasa cibiya da tsingaro ko shafa mata abin da ba shi da tsabta; da kiran wanzami ya cire beli. Mafi muni shi ne barin yarinya ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki da sunan jarumta, ko a yi mata yankan gishiri. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan Kees Waaldijk ya fara ɗinkin masu yoyon fitsari a 1984, cike yake da shaidar abin da wannan ke haifarwa.

Tsofaffin ba da mugunta suke yi ba, abin da aka yi musu ne suke maimaitawa da iyakar ƙaunarsu. Abin lura shi ne, mai jego 'yar shekara 17 ba ita ke yanke hukunci a kan jikinta ko jaririnta ba. Ma'aikaciyar lafiyar da ta yi wa yarinya bayani a wurin awo ta bar kakar a gida, rabin aiki ta yi. Inda aka shawo kan tsohuwa, ita ce da kanta ke cewa a nemo mota tun naƙuda ba ta yi nisa ba, ita ce kuma ke riƙe katin rigakafin jikoki a ƙarƙashin katifarta.

Bayan jego sai yaye. Idan yaro ya kusa shekara 2 ɗakin kaka ake kai shi ya manta da nono, wani daga nan bai ƙara komawa ba. Ɗan fari musamman, wanda uwarsa ke kunyar kiran sunansa ko nuna masa so a gaban mutane, a wurin kaka yake samun abin da kunya ta hana shi. Tsakaninsu wasa ne: jika namiji mijinta ne ko angonta, tana masa gorin bai kawo cefane ba, mace kuma kishiya ce da ta zo ƙwace mata miji. A ɗakin ne ake jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan sallar isha, a nan ake sanin wane ne ya haifi wane a dangi, da garin da kakanni suka taso kafin su sauka nan. Ba a banza ake ce wa sangartaccen yaro goyon kaka ba, domin hannun da ya yi wa 'ya'ya horo da tsumagiya yakan yi sanyi a kan jikoki. Marayu da 'ya'yan da auren iyayensu ya mutu su ma nan ne masaukinsu.

Jinyar manya ma tata ce. A asibitocin yankin majinyaci ba ya kwana sai da mai jinya, kuma sau da yawa tsohuwa ce ke shimfiɗa tabarma a gefen gado, ta dama kunu, ta wanke kaya, ta kira nas. In rai ya yi halinsa kuma mamaciyar mace ce, tsofaffi ne ke yi mata wanka su sa ta a likkafani.

Shekarun tashin hankali

Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga sun addabi wannan yanki. Abin ya fara da satar shanu, ya koma kisa da garkuwa da mutane. A watan Yunin 2020 an kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari, a ranar 11 ga Disamban shekarar kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Duniya ta ji waɗannan. Abin da ba ya shiga labarai shi ne turken da aka kwance cikin dare. Ɓarayin ba sa barin awaki da tumaki, wanda kuma suka bari sai a sayar a haɗa kuɗin fansa. A 2021 gwamnatin jihar ta dakatar da cinikin dabbobi na wani lokaci a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, don toshe wa ɓarayi hanyar sayarwa. Matakin ya kuma toshe wa tsohuwar da ke da akuya guda da jika a gadon asibiti.

Daji ya gagari mai tsintar kaɗanya da mai sassaƙe. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu zuwa Funtuwa da Ɗandume da cikin garin Faskari, suna zaune a ɗakin haya ko kangon wani, inda babu wurin kafa turke. Nauyin renon kuwa ƙaruwa ya yi, don yaran da aka kashe iyayensu maza, iyaye mata kuma suka sake aure, a hannun kakanni suke.

Yadda ake tuna ta

Idan kaka ta rasu ba a jinkiri, cikin sa'o'i an yi mata sutura an kai ta. Kabarin ba shi da dutse mai rubutu, bayan damina biyu ko uku sai wanda ya halarci binnewar ne zai iya nuna shi. Hotonta, in akwai, bai wuce na katin zaɓe ko na fasfon aikin hajji ba. Ana zaman makoki, a wasu gidaje a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a raba gumba da waina, wasu kuma, musamman tun bayan kafuwar ƙungiyar Izala a 1978, sun tsaya ga addu'a da sadaka ba tare da ware rana ba. Rasuwar wadda ta ga tattaɓa-kunne ba a cika yi mata kuka mai tsanani ba, jikoki ma kan ci gaba da tsokanar da suka saba, suna kwaikwayon tafiyarta da faɗanta har masu hawaye su yi dariya.

Wajen rabon gado ne hikimar turken ke fitowa. A shari'a jikan da mahaifinsa ke raye ba ya gadon kakarsa, 'ya'yan 'ya mace kuma ba sa cikin masu rabo, wasiyya ma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Tsofaffi sun san haka sarai, shi ya sa suke rabon tun suna da rai: wannan 'yar akuyar ta wance ce, waccan kazar ta wane ce, a faɗa a gaban shaidu. Shekaru bayan haka za a ji magidanci yana nuna wata jar akuya yana cewa jinin ta Inna ce, ko ya ce da kuɗin 'ya'yanta aka biya masa jarrabawa. Taskira da faya-fayai da tukunyar wankan jego kuwa 'ya'ya mata da surukai ke rabawa, tukunyar ta ci gaba da zagaya gidajen dangi duk lokacin da aka haihu. Masu hali sukan haƙa rijiya ko su sayi buta da tabarmi a kai masallaci da sunanta, don ladan ya riƙa isa gare ta.

Sai kuma suna. 'Ya macen da aka fara haifa a gidan bayan rasuwar, in ba a riga an yi mata takwara tun tana raye ba, sunanta ake raɗa mata. Da yake uba ba zai iya kiran sunan mahaifiyarsa gatsau ba, matarsa ma ba za ta kira na surukarta ba, sai a sakaya: a ce Ummi, ko Mama, ko Inna, ko Hajiya. Shi ya sa a rajistar kowace makarantar firamare ta Damari ake samun yarinyar da malami ke kira da suna ɗaya, gida kuma ana kiranta da wani.